Yaushe Ne Ya Kamata Ɗan Sanda Ya Ɗaga Bindiga?

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu makarantun ƙauye don gwajin koyarwa, na ga wani abu da idona wanda har yau bai fita daga raina ba. Ran wata Asabar makarantar da aka tura ni ta yi wasan ƙwallo da wata makaranta ta maƙwabta. Ana saura kamar minti biyar a tashi sai yaranmu suka jefa ƙwallo a raga, alƙalin wasa ya ce ba ta ci ba. Kafin ka ce kwabo fili ya cika maƙil. Yara na ihu, samarin gari na zage-zage, wani ya fizge usur daga hannun alƙalin wasa, waɗansu biyu suka shaƙe wuyan rigar juna. Amma ba wanda ya ɗauki dutse, ba kuwa mai riƙe da wuƙa ko sanda.

Akwai 'yan sanda biyu da aka roƙa su zo tsaron wasan, wani dattijon saje da wani saurayi wanda ga alama bai daɗe da fitowa daga kurtu ba. Da saurayin nan ya ga taro ya rincaɓe, sai ya sauke bindiga daga kafaɗa, ya ɗana ta, ya juya bakinta wajen mutane. Da jin ƙarar ɗanawar nan sai wuri ya yamutse, kowa ya yi ta kansa. Wata yarinya mai tallar gyaɗa ta faɗi, aka bi ta kanta, ta gurɗe a hannu. Saje ya tako a hankali ya dafa kafaɗar saurayin ya ce, "Kai yaro, mai da bakinta ƙasa. Wa za ka harba a nan? 'Ya'yan wa?" Sa'an nan ya shiga tsakiyar fili hannunsa wofi, ya ce wa hedimastocin biyu, "Malam, tara mini naka, kai ma Malam tara naka." Ba a yi minti goma ba ƙura ta lafa.

Da muka komo kwaleji na ba da labarin nan a ɗakin kwana, sai gardama ta tashi har aka kashe fitila ba a gama ba. Waɗansu suka ce ai saurayin bai yi laifi ba tun da bai harba ba. Waɗansu suka ce mutanenmu ba su jin magana sai sun ga bakin bindiga. Wani kuma ya ce duk wanda Gwamnati ta ba makami, ai ta ba shi iko ya nuna shi duk sa'ad da ya ga dama. Gardamar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami, gama na lura yawancinmu ba mu san akwai ƙa'ida a kan al'amarin nan ba. Ƙa'idar kuwa gajeriya ce. Abin da a ke aunawa shi ne haɗari ga rai. Yawan ihu, da zagi, da taurin kai, duk ba su shiga ma'aunin nan.

Ɗaga bindiga ba ƙaramin abu ba ne

Bari mu fara da masu cewa ai bai harba ba. Darasi na fari da a ke koya wa kowane mai riƙe bindiga, ko soja ne ko mafarauci, shi ne kada ya auna ta a kan abin da ba ya nufin ya harba. Dalilan kuwa ga su.

Na ɗaya, wanda ya auna bindiga a kan taro ya rufe wa kansa hanyoyi. In mutane suka ƙi watsewa, abu biyu kaɗai ya rage masa: ko ya harba, ko ya sauke ta cikin kunya, yara su yi masa dariya. Mutane da yawa kuwa, musamman samari, sun fi tsoron dariya bisa ga tsoron alhaki. Na biyu, hannun da ke riƙe da bindiga ba ya iya raba faɗa, ba ya iya sa ankwa, ba ya iya ɗaga wanda ya faɗi. Tilas kuma mai ita ya riƙa tsaronta kada a ƙwace. Na uku, jikin mutum yana da wata ɗabi'a: in an firgita shi, ko ya yi tuntuɓe, ko ya damƙi wani abu da ƙarfi da hannu ɗaya, sai yatsun ɗaya hannun su matse ba da saninsa ba. In yatsa na kan kunama a lokacin nan, shi ke nan, aikin gama ya gama. Yawancin abin da mu kan ji an ce "bindiga ce ta tashi da kanta" daga nan ya ke. Bindiga ba ta tashi da kanta.

Ku dubi kuma irin bindigar da 'yan sandanmu suka fi ratayawa, watau AK-47. Don yaƙi aka ƙera ta. Gidan harsashinta na ɗaukar 30, in kuwa aka sa ta a kan ruwan wuta ta kan zazzage su duka cikin kamar daƙiƙa 3. Harsashinta ya kan huda mutum ya sami na bayansa, ya kan yi tafiyar fiye da kilomita ɗaya da sauran ƙarfinsa. Ko wanda aka harba sama, ai sai ya komo ƙasa, ba ya kuwa tambayar kan wa zai sauka. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. To, in magana ba ta komawa, ina ga harsashi?

Saboda haka ne a Ingila ƙa'idar aikin 'yan sanda ta ɗauka cewa wanda ya auna bindiga a kan mutum ya riga ya yi amfani da ita, ko da bai harba ba, sai ya rubuta ya ba da dalili.

Matakan ƙarfi

A makarantun horon 'yan sanda a kan kwatanta ƙarfi da tsani. Matakin ƙasa shi ne zuwan ɗan sanda wurin da kayan sarki, gama sau da yawa ganinsa kaɗai ya isa. Na biye shi ne baki: lallashi, da umarni, da gargaɗi. Sa'an nan hannu, watau a raba masu faɗa, a riƙe mutum, a sa masa ankwa. Sa'an nan kulki da garkuwa. Sa'an nan barkonon tsohuwa da ruwan feshi. Can ƙololuwa ne bindiga ta ke. Ba a ce lalle sai an taka kowane mataki ɗaya ɗaya ba, gama in ɗan fashi ya buɗe wuta ba wanda zai ce a tsaya lallashi. Abin da a ke nufi shi ne kada a hau matakin da ya fi girman haɗarin da ke gaban mutum, in kuwa haɗarin ya ragu a sauko nan da nan.

Kakanninmu sun san wannan ko da ba su karanta a littafi ba. 'Yan doka na zamanin En'e, kafin a haɗe su da 'yan sandan Gwamnatin Tarayya a zamanin mulkin soja na bayan 1966, yawanci da kulki su ke tsaron kasuwa. Suna da nasu laifuffuka, ba na wanke su ba. Amma faɗan mahauta da rigimar 'yan tasha ba su rasa mai kashe su ba don rashin bindiga.

Abin da doka ta ce

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 33, ya ce kowane mutum yana da hakkin rayuwa. Sashen ya keɓe wurare uku inda in mutum ya mutu ta hanyar ƙarfi ba za a ce an tauye masa hakkin nan ba: wajen kāre mutum daga farmaki ko kāre dukiya, wajen kama mai laifi bisa doka ko hana tsararre gudu, da wajen kwantar da tarzoma ko tawaye ko bore. Waɗansu su kan tsaya a nan su ce to, ga shi an ba da izini. Amma sashen ya gindaya sharaɗi, cewa ƙarfin ya zama gwargwadon abin da doka ta yarda, ya zama kuma wanda hankali zai yarda lalle ana bukatarsa. Dokar laifuffuka ta jihohin Kudu ma, a sashe na 298, ta ce wanda doka ta ba ikon yin amfani da ƙarfi, in ya wuce gona da iri, abin da ya ƙara a wuyansa ya ke.

'Yan sanda suna da nasu umarni na cikin gida a kan bindiga, wanda a ke kira Umarni na 237. Tsohon umarnin ya buɗe ƙofa da faɗi ƙwarai, har ya yarda a harbi wanda a ke tuhuma in ya gudu. Wani masanin shari'a, Philip Alston, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiko Nijeriya a 2005 don ya binciki kashe-kashen da a ke yi ba shari'a, ya soki umarnin nan da ƙarfi. A 2019 aka sake shi, aka matso da shi kusa da ƙa'idar duniya.

Ƙa'idar duniyar kuwa ita ce wadda aka amince da ita a wani taron Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Habana na ƙasar Kyuba a 1990. Ga taƙaitawarta. A fara da hanyoyin da ba na ƙarfi ba. Kada a yi amfani da bindiga a kan mutum sai don kāre kai ko kāre wani daga mutuwa ko mugun rauni da ke gab da aukuwa, ko don hana babban laifi mai haɗari ga rai, ko don kama mai irin wannan haɗari, shi ma sai in sauran hanyoyi sun kāsa. Ɗan sanda ya bayyana kansa, ya yi gargaɗi, ya ba da lokaci a ji gargaɗin, sai fa in jinkirin zai jawo asarar rai. Taron da ya saɓa wa doka amma ba tashin hankali a cikinsa, a guji sa masa ƙarfi, in ya zama tilas a yi mafi ƙanƙanta. Wanda aka ji wa rauni a nema masa magani da gaggawa, a kuma sanar da danginsa. Har wa yau ƙa'idar ta ce "an ba ni umarni" ba hujja ba ce ga wanda ya san umarnin haramtacce ne a fili, yana kuwa da halin ƙi.

Ko a Amurka, inda bindiga ta yi yawa a hannun jama'a, Kotun Ƙoli ta ja layi a 1985. Asalin shari'ar shi ne wani yaro ɗan shekara 15, Edward Garner, wanda ɗan sanda ya harbe a birnin Memfis a 1974 yana ƙoƙarin tsallake shinge bayan an fasa wani gida. Ba makami a jikinsa, abin da aka samu dala 10 ne da jakar kuɗi ta mata. Kotu ta ce ba a harbin mai gudu don kawai kada ya tsere, sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin gaskata cewa zai kashe wani ko ya yi masa mugun rauni.

Darasin Inugu

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu ga abin da ke faruwa in an manta da ƙa'idar nan. A watan Nuwamba na 1949 leburorin haƙar kwal na Inugu suna jayayya da manyansu a kan kuɗin aiki da su ke bi. Suka shiga yin aiki da sanyin jiki. Da aka fara korar waɗansu, sai suka zauna a bakin ramuka suka ƙi tafiya, don tsoron kada a rufe a ɗauki waɗansu a madadinsu. Gwamnatin Turawa kuwa ta ji tsoron kada nakiyar fasa dutse da ke ajiye a wurin ta faɗa hannun 'yan siyasa masu zafin kai, sai ta aika 'yan sanda su kwashe ta.

Ran 18 ga Nuwamba aka je kwasar nakiyar a ramin kwarin Iba. Leburori suka ɗauka kwashe ta alama ce za a rufe ramin, suka taru ɗaruruwa, suna waƙa suna taka rawa. Baturen da ke jagorar 'yan sandan, Babban Sufuritanda F. S. Philip, bai san harshensu ba, bai san al'adarsu ba. Ya ga taro yana matsowa, ya ɗauka rawar yaƙi ce, aka buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka yi rauni.

Gwamnati ta naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Sir William Fitzgerald, ya fid da rahotonsa a 1950. Kwamitin bai sami shaidar da ta tabbatar da labarin farko da aka baza ba, wai leburori ne suka far wa 'yan sanda da makamai. Ya ce Philip ya yi kuskuren auna al'amari, irin wanda bai dace da mai muƙaminsa ba. Ku lura da abin da ya biyo baya. An yi harbin don a hana hargitsi, sai ga shi hargitsi na gaske ya tashi a Aba, da Fatakwal, da Anaca, da Kalaba. 'Yan siyasar da ba su ga maciji da juna suka haɗa kai a kan Turawa, neman mulkin kai ya ƙara ƙarfi. Tsoron mutum ɗaya mai riƙe da makami, wanda bai tsaya ya tambayi kansa ko akwai ran da ke cikin haɗari ba, ya jawo abin da har yau a ke tunawa da shi.

Mu ɗalibai ma abin ya taɓa shafar irinmu. Ran 1 ga Fabrairu 1971, a Jami'ar Ibadan, ɗalibai suna ƙorafi a kan yadda a ke tafiyad da ɗakin cin abinci na ɗaya daga cikin gidajen kwanansu. Aka kira 'yan sanda, aka yi harbi, wani ɗalibi mai suna Kunle Adepeju ya mutu. Ran 23 ga Mayu 1986 kuma, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, saɓani tsakanin ɗalibai da hukumar jami'a a kan horon shugabanninsu ya kai ga harbi a Samaru. Gwamnati ta ce mutum 4 suka mutu, tarzoma kuwa ta bazu zuwa jami'o'i da yawa. Wane ne a cikinmu bai taɓa gunaguni a kan wake da shinkafar ɗakin cin abinci ba? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Inda ba a harba ba

Wani zai ce duk waɗannan an yi harbi a cikinsu, alhali kuwa gardamarmu a kan wanda ya ɗaga ne kawai. To, ga misali daga Amurka wanda ya yi kama da abin da na gani a filin ƙwallo. Ran 5 ga Yuni 2015, a garin Makini na jihar Teksas, aka kira 'yan sanda wai yara matasa suna rigima a wurin wani kududdufin iyo na unguwa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka zo, Kofur Eric Casebolt, ya kā da wata yarinya 'yar shekara 15 ƙasa, tana cikin kayan iyo, ya danne ta. Da waɗansu samari biyu suka matso, sai ya zare ƙaramar bindigarsa ya bi su. Abokan aikinsa biyu suka sheƙo, sa'an nan ya mai da ita kube. Wani yaro ya ɗauki hoton abin da wayarsa, duniya ta gani.

Ba wanda aka harba. Duk da haka shugaban 'yan sandan garin ya fito ya ce abin da kofur ɗin ya yi ba shi da abin kāriya, ya ce 'yan sanda 12 suka je wurin, 11 sun yi aiki yadda aka hore su. Bayan kwana 4 kofur ya ajiye aiki. Ba a kai shi gaban alƙali ba, gama masu duba ƙarar sun ƙi tuhumarsa a 2016. Lauyarsa ta bayyana cewa a ranar nan, kafin ya zo wurin, an riga an aike shi wurare biyu da suka shafi masu neman kashe kansu, zuciyarsa ta riga ta ɗauki nauyi. Wannan ya sa mu ji tausayinsa, amma bai mai da kuskuren daidai ba. Abin da ya koya mana shi ne gajiya da ɓacin rai su kan sa mutum ya ga haɗari inda babu. Ku lura kuma, taro ɗaya ne, hayaniya ɗaya ce, amma mutum 11 ba su ga dalilin taɓa bindiga ba.

Inda ɗan sanda ke da gaskiya

Kada wani ya ce na ɗauki gefe ɗaya. Ɗan sanda mutum ne, yana da mata da 'ya'ya, yana da hakkin ya koma gida da ransa. A ƙasar nan an kashe 'yan sanda da yawa a bakin aiki, a hanya da caji ofis. Shi kuwa ba ya da lokacin da mu ke da shi na zama a ɗakin kwana muna gardama, cikin ƙiftawar ido zai yanke shawara. Gaskiya ne kuma ƙaramar rigima ta kan rikiɗe ta zama babba. Saboda haka akwai lokacin da ya wajaba ya ɗaga bindiga, ko da abin ya faro daga faɗan tasha.

In cikin faɗan wani ya zaro wuƙa ko adda ya nufi wani da ita, ɗan sanda na da gaskiya. In taro ya kama wanda a ke zargi da sata, an kawo taya da fetur, an yi magana an yi gargaɗi ba su ji ba, yana da gaskiya, gama ran ɓarawo ma rai ne. In an kewaye shi ana ƙoƙarin ƙwace bindigarsa, ko ana jifansa da manyan duwatsu ba hanyar ja da baya, yana da gaskiya. A cikin duka ukun nan akwai wani takamaiman mutum da za a iya nunawa da yatsa a ce wannan zai mutu yanzu in ba a yi wani abu ba.

Ga tambayoyi uku da za su raba gardama. Shin akwai wanda zai mutu ko ya sami mugun rauni yanzu yanzu? Shin baki, da hannu, da kulki, da ja da baya a kira ƙarin mutane, duk sun kāsa ko ba za su yiwu ba? Shin in na harba, zan sami mai haɗarin shi kaɗai, ban da na kusa da shi? In amsar ta fari a'a ce, ba sai an je ga sauran ba, bindiga ta zauna a kafaɗa. Zagi ba ya kisa. Direban da ya ƙi tsayawa a shinge, a ɗauki lambar motarsa. Yaron da ya ruga da gudu, gobe ma rana ce, an san gidansu. A ranar Kirsimeti ta 2022 wani ɗan sanda ya harbe wata lauya a cikin mota a wani shinge a Aja ta Ikko, a 2023 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Ga rai ya salwanta, ga nasa gidan ya rushe, a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Masu cewa mutanenmu ba su jin magana sai da bindiga, ina roƙonsu su sāke tunani. A Ingila, tun da Robert Peel ya kafa 'yan sandan London a 1829, yawancinsu ba su ɗaukar bindiga, ga kuwa mashaya da 'yan kallon ƙwallo masu rigima ba iyaka. Akwai ƙungiya ta musamman mai makamai da a ke kira in abu ya yi tsanani. A shekarar da ta ƙare a watan Maris 2023, an fita aiki da bindiga fiye da sau 18,000 a Ingila da Wels, amma sau 10 kaɗai aka harbi mutum da gangan. Na sani ƙasarmu ba Ingila ba ce, 'yan fashinmu da masu satar mutane suna da manyan makamai. Amma bindigar da aka ba ɗan sanda don ɗan fashi, ba a ba shi ita don 'yan makaranta da masu talla ba. Kuma wanda kullum a ke nuna wa bakin bindiga, wata rana zai daina tsoronta, abin da zai rage a zuciyarsa ƙiyayya ce. Ranar da ɗan sanda zai nemi mai ba shi labarin ɓarayi, ba zai samu ba.

Namu rabo

Mu da za mu zama malamai mun fi kowa sanin wannan, gama mun gani a aji. Malamin da ya shiga da bulala a hannu yana kaɗa ta saboda 'yar hayaniya, kafin wata ya ƙare yara sun saba, tilas ya yi ta ƙara dūka. Wanda kuwa ya san sunan kowane yaro, ya tsaya shiru ya dube su, aji ya kan yi tsit. Saje na filin ƙwallo irin malami na biyu ne. Ya san wa zai kira, ya san wa yara ke jin kunya.

Akwai abu uku a wuyanmu. Na fari, duk sa'ad da muka shirya wasa ko biki a makaranta, mu tsara masu kula da taro daga cikin malamai da dattawan gari, in kuwa an gayyaci 'yan sanda mu zauna da babbansu tun da wuri a san aikin kowa. Rigakafi ya fi magani. Na biyu, mu koya wa yara abin da za su yi in sun ga an ɗaga bindiga: kada su yi gardama a lokacin, kada su matsa kusa, kada su sa hannu cikin aljihu ko jaka, su bar hannuwansu a fili, su janye a hankali. Ko kana da gaskiya, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Na uku, bayan ƙura ta lafa kada mu yi shiru. A rubuta rana da lokaci da wuri, da suna ko lambar ɗan sandan, da sunayen shaidu, a kai wa babban jami'in yankin, ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, ko Hukumar Kāre Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa. Yin haka taimako ne ga shi ɗan sandan kansa, gama gara a gyara masa tun yana ɗagawa da a bari sai ya harba.

Daga cikin yaran da za mu koyar, waɗansu za su sa kayan sarki wata rana, a rataya musu bindiga. Abin da suka gani wurinmu game da fushi da haƙuri, da shi za su tafi bakin aiki. Yarinyar nan mai gyaɗa ta warke, na gan ta da farantinta kafin in baro ƙauyen. Amma uwarta ta ce mini ko da za a ba ta kuɗi ba ta ƙara zuwa filin ƙwallo. Allah ya ba mu zama lafiya, ya ba masu tsaronmu sanyin zuciya.